Tara Cikin Goma

Ba mu da tebur, sai akwatin ƙarfe
na marigayiya, mai tsatsa a kan murfi.
Nan Lubabatu ke buɗe littafi
da an sallame La'asar,
tun hannunta bai bushe daga wanke-wanke ba.

Ni ina kan benci ina ɓarar gyaɗa,
tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri,
wanda injuna suka cinye wa kunne guda
kafin su yi shiru, ciyawa ta rufe ƙofar.
Da ɗayan kunnen nake jin karatun jikata.

Aji biyar take. Ranar Litinin
ta tauna bakin fensir har ya yi laushi.
Uku bisa huɗu a haɗa da rabi,
hawaye ya ɗigo a tsakiyar shafi.
Na ce, tashi ki ɗauko min tef ɗin awo
da ragowar yadin nan na sallar bara.
Muka ninke shi biyu, muka ninke shi huɗu,
ga rabi, ga kwata, ki taɓa da yatsa.
Ta ce, Kaka, yadi ɗaya da kwata!
Na ce, shekara ashirin da shi na ci tuwo.

Talata Turanci, nan na yi gefe.
Rifkatu 'yar Ishaya ta leƙo ta katanga,
ta shigo da littafinta marar bango.
Suna haɗa baƙi, suna gardama,
har ladan ya kira, uwarta ta kira,
aka ɗauke wuta kan layi na takwas.
Na kunna musu fitilar wayata,
na riƙe ta sama har kafaɗa ta sage.

Laraba ta zana ƙasa da koguna,
ta ce, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada,
ka san inda za shi?
Shekara arba'in ina haye shi da keke
ban taɓa tambaya ba.
Ta ja shuɗin layi, ta kai shi Neja,
ta ja daga Neja, ta kai shi teku.
Daren nan na daɗe ban yi barci ba.

Alhamis ce ta jawo mana magana.
Mutum shida sun saƙa dila a kwana huɗu,
in sun zama sha biyu, kwana nawa?
Ta ce biyu. Na ce, ke, dakata.
Injin nawa ne? Littafi bai faɗa ba.
Ki tara mutum sha biyu kan inji ɗaya,
wannan na hira, wancan ya tafi shan shayi,
rubuta huɗu, ni na ga abin da idona.
Ta dube ni, ta dubi takarda,
ta goge biyunta saboda furfurata.

Juma'a ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba,
ta ajiye littafin a kan gwiwata.
Jan biron Malama Talatu:
tara cikin goma.
Ta ce, ka ga guda ɗayan da muka faɗi?
Na gani. Nawa ne.

Na ce, Malamarku ba ta taɓa shiga masaƙa ba.
Ta ce, kai ma ba ka taɓa shiga aji biyar ba.
Muka yi dariya har gyaɗa ta zube,
kaji suka samu rabonsu.

Yanzu in na ba da amsa
sai ta sake bi da kanta a bayan shafi,
tana motsa leɓe, tana ƙirga yatsu.
Ba na jin haushi.
Baɗi za ta zauna jarrabawar sakandare,
kuma ba za a bar ni in shiga da benci ba.

Gobe Asabar, ba makaranta,
amma ta ce akwai saura.
Bari in sa wayar nan a caji
tun da sauran wuta.